Haƙorin da Tsamaye ke Shuka da Shi

A Tsamaye akwai limami, akwai maƙeri, akwai wanzami, kamar kowane gari. Abin da ba kowane gari ke da shi ba shi ne mai cizon iri, kuma wannan shi ne Kalilu. Ba sarauta ba ce, ba wanda ya naɗa masa rawani a kanta, ba kuma sana'a ce mai ciyar da gida ba. Manomi ne kamar kowa, mai gona biyu da jaki ɗaya mai taurin kai. Amma idan mutum zai sayi irin gero a kasuwa, ko ya buɗe rumbunsa ya ga abin da ya ajiye bai kwanta masa a rai ba, sai ya ƙullo ɗan kaɗan a gefen riga ya nufi gidan Kalilu.

Yadda yake yi ba wani abin kallo ba ne. Zai zuba a tafin hannu ya hure, ya zaɓi ƙwaya, ya ɗora ta a kan matauninsa na dama, na ƙasa, na biyu daga ƙurya, ya rufe ido ya danna a hankali. Ƙwayar da take da rai, in ji shi, takan yi gardama tukuna, sannan ta rabe biyu da ƙara, ƙas, ta bar ɗan zaƙi a harshe. Wadda ta tsufa a sito, ko ta sha zafi cikin buhu, ba ta gardama, marmashewa take yi kamar alli. Daga nan sai ya buɗe ido ya faɗi ɗaya cikin biyu, ko "Shuka," ko kuwa "Kai wa mata su daka." Ba ya ƙarawa. In ka tsaya neman bayani sai ya tambaye ka lafiyar iyali.

A farin shekarar alif ɗari tara da saba'in da uku ya koya, yana ɗan shekara goma sha bakwai. Kakarsa Habi ce mai cizon irin gidansu, amma a shekarar haƙoranta sun gama zubewa, ba wanda ya kula cewa ba a bar magaji ba. Mahaifinsa ya je kasuwar Isa ya sayo iri mai kyan gani, fari tas, aka shuka a ruwa ɗaya tilo mai kirki da aka samu. Ko tsinke bai fito ba. Kafin wata damina Kalilu ya raka ƙannensa biyu makwanci. Bayan haka ne tsohuwar ta riƙa zaunar da shi a bakin ɗakinta, tana sa masa ƙwaya a baki tana cewa ya faɗa mata abin da ya ji. In ya yi kuskure ta ja masa kunne, in ya yi daidai ta yi shiru. Shekara biyu suka yi a haka.

Tun daga nan ya ɗauki haƙorin nan ya mai da shi ɗan lele. Ba ya cin goro da gefen dama, ba ya shan rake sam, in an ba shi shayi sai ya karkata kai hagu kamar mai ciwon wuya, samari suna dariya a ɓoye. Matarsa Mairama takan ce da za a ce ya zaɓa tsakaninta da matauni, ta san ita ce za ta koma gidansu a Tozai. Shi kuwa ba ya musawa, sai dai ya yi murmushi. A gaskiya akwai ɗan girman kai a cikin abin, ba za a ɓoye ba. Mutumin da ya yi kusan shekara arba'in yana cewa shuka ana shukawa, kuma abin yana fitowa, dole ya fara jin kansa.

Sai aka shiga shekara biyu na fari a jere. Ta farko ta cinye rumbuna, ta biyu ta zo ta tarar ba komai sai irin da aka rataye a ɗaka. Ana gab da ruwan farko Kalilu ya ciji tsakuwa a cikin hatsin wani baƙo, haƙorin ya ɗan tsage. Ya yi shiru da bakinsa, ya yi shuka da shi a haka. Rana ta ƙone shukar farko ta kowa da kowa. Aka sake ta biyu da ragowar iri, kuma a lokacin kuncinsa ya kumbura har idon dama yana neman rufewa. Wanzami ya duba ya ce a cire kawai a huta. Kalilu ya ce sai dai a cire wa wanzamin nasa.

Autarsa Nana Hauwa, wadda ke aure a Sakkwato, ita ta sa aka ɗauko shi aka kai shi wurin likitan haƙori. Likitan ya ce akwai hanyar da ba sai an cire ba. Za a huda haƙorin, a wanke cikinsa har saiwa, a cike, daga baya a sa masa hula ta rufe shi. Kalilu abu ɗaya kawai ya ji a cikin jawabin, wato haƙorin zai tsaya. Ya ce a yi. Kwana goma sha biyu ya yi a birni, ya hau kujerar nan mai kwanciya har sau uku, baki buɗe, ana ƙwaƙularsa da wasu 'yan ƙarafa siriri kamar allura. A zama na ƙarshe likitan ya nuna masa wani ɗan zare ja a kan auduga, abin da ya rage a saiwa ta uku, ya ce masa cikin fara'a wannan ita ce jijiyar, yanzu an gama fitar da ita duka, haƙorin ba zai ƙara jin komai ba. Shi a ganinsa albishir ya yi.

Kalilu ya kalli zaren nan, a ransa ya ce an kashe masa haƙori ke nan. Ya gyaɗa kai kawai, don ba a yi wa mai ilimi gardama a ɗakinsa. Aka ba shi magani kala biyu, ɗaya na kashe ciwo da sauke kumburi, ɗaya na kashe ƙwayar cuta, aka ce sau uku a rana, kuma lalle bayan an ci abinci. Aka ce ya riƙa kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi, zafin zai yi kwana uku zuwa biyar yana raguwa. Sannan likitan ya ɗaga yatsa ya ce kada ya tauna komai mai tauri da wannan gefen sai ya dawo bayan mako uku an sa hula, domin haƙorin da aka rarake ba shi da ƙarfi, in ya rabe kuwa ba gyara sai cirewa. Nana Hauwa ta maimaita masa wannan har sau uku a tasha.

Tun daga mota ya ga shuka ta biyu ita ma ta tafi. Gonaki jawur, ɗan abin da ya tsiro ya kwanta ya bushe. Bai gama wanke ƙafa ba sai ga maƙwabcinsa Bawa, abokinsa tun suna kiwon awaki, ya zo sannu da zuwa. Bayan gaisuwa Bawa ya sauke murya.

"Kalilu, ba sauran iri garinga. Kowa ya kakkaɓe. Mun haɗa kai gida talatin da wani abu, mun sai da 'yan bisashen da sunka rage, za mu saye wuri guda. Ranar kasuwar Sabon Birni hwatake za su taho da hatsi daga Maraɗi. In munka shuka wanga bai hito ba, damana ta wuce mu, sai dai kowa ya ɗauki iyalinai ya shiga duniya. Kai muka jira."

"Kwana nawa ya rage?" in ji Kalilu.

"Biyat. Ya hauren naka?" Haure shi ne haƙori a bakin mutanen nan.

Nan ne ya kamata Kalilu ya faɗi gaskiya. Amma sai ya ji bakinsa ya ce, "An gyara shi. Lahiya lau."

Da allurar likita ta gama sakinsa, ciwo ya zo da ƙarfinsa. Ba irin na da ba ne mai suka. Wannan nauyi ne, kamar an dasa turke a muƙamuƙi, in haƙorin sama ya ɗan taɓa shi sai ya ji har cikin kunne. Kalilu ya zauna a inuwar dalbejiya yana lura da shi, kuma a nan wani tunani ya shigo masa, irin wanda ba ya zuwa sai ga mutum mai wayo. Ya ce a ransa, likita ya ce haƙorin ba zai ƙara jin komai ba, to ga shi yana ji. Ashe ba duka aka kashe ba, akwai sauran rai a ciki, kuma wannan zafin shi ne sauran ran. Maganin da aka ba shi kuwa sunansa maganin kashe ciwo. In ya sha, zai ƙarasa abin da likita ya bari, ya isa kasuwa da dutse a baki. Saboda haka ya yanke shawara zai riƙe ciwon nan, ya yi tattalinsa kwana biyar kamar yadda ake tattalin garwashi, sai an gama sayen iri. Na kashe cutar ma bai yarda da shi ba, don duk ƙwaya ce, wa ya san wadda ke kashe me.

Mairama ba ta san da wannan ba. Ita abin da ya dame ta shi ne maganar bayan an ci abinci sau uku. Gidan sau ɗaya ake ɗora tukunya a rana tun watan jiya, kunun dusa ne ko garin rogo da ɗan tafasa. Likitan birni bai tambaya ba, su ma ba su faɗa masa ba, don abin kunya ne. Sai ta riƙa raba rabonsa gida uku, ta dama shi ruwa-ruwa yadda ba sai ya tauna ba, ta ɗan ƙara daga nata in ya juya baya. Safe, azahar, da bayan la'asar take kawo masa ƙoƙo da ƙwayoyin magani biyu a tafin hannu. Yakan shanye kunun, ya kai hannu baki, ya kurɓi ruwa ya ɗaga kai sama kamar kaza. Ƙwayoyin kuwa suna tsakanin yatsunsa, in ta shiga ɗaki ya tura su cikin naɗin hularsa.

Abin da ya yarda da shi shi ne duk abin da ke rage zafi ba tare da ya shiga ciki ba. Ruwan gishiri yana yi, har Mairama ta fara kallon gishirin da ido. Ya jiƙa tsumma a ruwan randa ya ɗora a kunci. Ya gano cewa in ya kwanta jini na taruwa a wurin ya yi ta bugawa, don haka ya riƙa jingina da bango ko a lokacin hutun rana. Ya gano sujada ita ce mafi wuya, ya riƙa yin ta a hankali yana neman gafara. Wata maƙwabciya ta aiko da kanumfari, ya sa a gefen dasashi, da ya ji wurin ya fara mutuwa sai ya tofar da sauri, ya kurkure baki, yana jin haushin kansa. Ya koyi zama da baki a ɗan buɗe don kada haƙora su haɗu. Mutane suna wucewa suna cewa Malam Kalilu tunanin gari ya yi masa yawa.

Tunanin kuwa yana yi. Yakan tambayi kansa ko don mutane yake wannan wahala ko don kansa. In ya ce don mutane, sai ya tuna cewa da don su ne da ya gaya wa Bawa gaskiya tun ranar farko, su nemi wata dabara, ko da jiƙa iri a tsumma ne a jira kwana uku a gani. In ya ce don kansa, sai ya tuna fatake ba sa jiran kwana uku, suna sauke kaya da safe su ɗaure da yamma, kuma duk wanda zai jiƙa sai ya saya tukuna. Bai samu amsa ba. Abin da ya sani shi ne yana tsoro, tsoron ya zama Kalilu kawai, mai gona biyu da jaki. Ciwon kuma maimakon ya ragu kamar yadda aka ce, kullum ƙaruwa yake, ran na huɗu har da zazzaɓi.

Ranar kasuwa da safe ya sunkuya zai ɗaura takalmi, hula ta faɗi, ƙwayoyi suka watse a tsakar gida, farare da masu ja da rawaya. Mairama ta tsaya da ƙoƙo a hannu tana kallonsu. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi masa sauƙi.

"Maigida, kwana huɗu ina raba abinci uku don waɗanga," ta ce. "Mi nai maka?"

Ya gaya mata dalilinsa, yana magana da gefen baki. Ta saurara har ƙarshe, ta durƙusa ta tsince su ɗaya-ɗaya tana hure ƙasa, ta ƙulle a bakin zane ta miƙa masa.

"Ni ban yi boko ba," ta ce. "Amma in kun isa, ka biya wurin Amiru kahin ka shiga kasuwa. In ba ka biya ba, ni da kaina za ni gaya ma Bawa."

Amiru ma'aikacin lafiya ne a wani ƙaramin asibiti a Sabon Birni, ɗan ƙanwar Mairama, magidanci mai yawan dariya. Amma da ya haska bakin Kalilu ya ji labarin, dariyar ba ta zo ba. Ya zauna ya yi masa bayani a hankali, da girmamawa, kamar yadda ake gaya wa babba ya yi kuskure.

"Baba, jijiyar da anka ɗebe ita ka jin sanyi da zahi. Abin da ka jin cizo, taurin abu ko taushinai, ba cikin haure yake ba, shina nan ƙasa inda haure ya kama nama. Ba a taɓa shi ba. Kumburi na ya ruhe shi, shi ya sa komi ka taɓa sai zahi. Da ka sha maganinga tun ranar, da yau kumburin ya sauka, kana jin ƙwaya kamar da. Ko da yake ko hakanan bai kamata ka ciza ba sai an sa hula."

Sai a lokacin Kalilu ya gane. Wato abin da ya yi kwana huɗu yana gadi ba rai ba ne, shi ne ma abin da ya toshe ran. Ya tambaya in ya sha yanzu fa. Amiru ya ce zafin zai ɗan lafa nan da awa guda, amma kumburin kwana huɗu ba ya sauka kafin azahar. Ya sayo masa koko a bakin titi, ya tsaya a kansa har ya haɗiye ƙwayoyin da gaske, ya ce ya buɗe baki ya gani. Sannan ya roƙe shi don Allah kada ya ciji komai.

Kasuwar hatsi ta cika, amma ba hayaniya irin ta shekarar ƙoshi. Mutane na zagaya buhuna suna kallo kamar masu zuwa dubiya. Mutanen Tsamaye su wajen goma suna biye da Kalilu, Bawa a gaba. Da ido kawai ya kore rabin kayan, wannan maiwa ce ba za ta nuna ba kafin ruwa ya ɗauke, wancan geron kudu ne mai son ruwa da yawa. Ya rage fatake huɗu masu gero ɗan gajere mai saurin nuna, kowanne yana rantsuwa na bara ne. Ido ba ya raba na bara da na shekara uku da suka wuce. Wannan aikin haƙori ne.

Ya fara gwadawa da hagu. Ya sa ƙwaya ya danna, ta fashe, bai ji komai ba sai fashewa. Gefen nan bai taɓa koyon komai ba, shekara arba'in goro kawai yake ci. Ya gwada da na gaba, haka. Ya ga Bawa yana kallonsa, ya ga sauran sun zuba masa ido, wani dattijo har ya riƙe igiyar akuyar da ya sayar, ya manta ba akuya a jikinta. Sai ya tura ƙwayar da harshe zuwa dama.

Zafin da ya ji ba shi da misali a cikin abin da ya taɓa sani. Idonsa ya kawo ruwa, kasuwar ta yi duhu ta dawo. Amma a ƙarƙashin zafin, can nesa, kamar ya ji ƙwayar ta marmashe. Kamar dai. Ya girgiza kai ya wuce. A wurin bafatake na biyu ma haka, zafi, sannan wani abu mai kama da taushi. Ya wuce, gumi na bin wuyansa. Na ukun wani dogon mutum ne mai suna Attahiru, daga wajen Madawa, wanda bai cika rantsuwa ba. Kalilu ya zaɓi ƙwaya daga tsakiyar buhu, ya ɗora, ya rufe ido. Ta yi gardama. Ya san in zai tsaya to nan ne wurin tsayawa, ya tuna yatsan likita. Ya danna.

Ƙas.

Ya ji ƙarar har tsakiyar kansa, ya yi taga-taga, Bawa ya tare shi. Da ya tofa a tafin hannu sai ga jini, ga ƙwayar gero a rabe biyu, ga kuma ɓallin haƙori fari kusa da ita. Zaƙi kuwa ba zancensa, bakin duk gishirin jini ne. Ya kalli abin da ke hannunsa. Bai san wanne ne ya yi ƙarar ba, ƙwayar ko haƙorin. Mutum goma na jiran kalma ɗaya, bayansu kuma gida talatin da wani abu. Ya rufe hannunsa.

"Shuka," ya ce.

Suka saye kayan Attahiru gaba ɗaya, aka ɗora a amalanke. Amiru ya duba bakin ya ce haƙorin ya rabe har ƙasa, sai an koma Sakkwato an cire. Kalilu ya ce zai je, amma ba yanzu ba. Ya koma gida yana shan magani a kan lokaci, Mairama na tsaye a kansa, ba ta ce masa ai ga shi nan ba ko sau ɗaya. Kwana biyu bayan haka hadari ya haɗo daga gabas da rana tsaka, aka yi ruwa mai kyau har ya kwanta a kwari. Washegari duk wanda ke iya ɗaga sungumi ya fita, maza na sara, mata da yara na bi suna jefa iri suna rufewa da diddige. Kafin magariba ba sauran ƙwaya ɗaya a buhu. Duk abin da Tsamaye ta mallaka ya shiga ƙasa a kan maganar mutumin da bai tabbata ba.

Kwana ukun da suka biyo baya sun fi masa kwanakin ciwo wuya. Kumburi ya sauka, zazzaɓi ya tafi, sai ya samu sararin tunani, kuma ba abin da yake gani sai gonar mahaifinsa. Bai leƙa tasa gonar ba. Ran na huɗu da hantsi ya kasa zama, ya sa takalmi ya nufi gonar Bawa. Ya tarar da shi tsaye a bakin gona, hannu a baya. Daga inda suke ba a ganin komai sai ƙasa da ta fara bushewa a sama.

"Bawa, akwai maganar da za ni gaya maka kahin mu duba," in ji Kalilu. "Na yi maka ƙarya ranar da nid dawo. Hauren bai gyaru ba. Ranar kasuwa ban ji komi ba sai zahi. Ƙarar da nij ji wurin Attahiru, wallahi ban sani ba ko ta hatsi ta ko ta haurena. Na ce ku shuka, ban kuwa sani ba. In bai hito ba, ni na kashe ku."

Bawa bai juyo ba. Ya ɗan murza ƙasa da yatsan ƙafa.

"Mun sani," ya ce. "Tun buhun hwarko munka ga hawaye na zubo maka. Kana tsammani makahi muke?"

"To don mi kunka saye?"

"Kalilu, mu ma ba mu san komi ba. Cikinmu duka kai kaɗai ka kai bakinka ga abin. Mutum ya hwasa haurenai gabanmu, sannan mu ce mai bari mu duba buhu na huɗu? In bai hito ba, tare munka shuka. Taho mu tona."

Suka shiga gonar. Kalilu ya durƙusa a bakin rami na farko, ya kasa tonawa. Bawa ya durƙusa kusa da shi, ya kama hannunsa ya ɗora a kan ƙasar. Ya tona a hankali, ya kawar da busasshiyar, ya kai ga mai danshi. Ƙwayoyin na nan su bakwai ko takwas, sun kumbura, kowace ta fasa, ta tura farar saiwa ƙasa, biyu har sun ɗago kai suna neman haske. Suka tona na biyu, suka tona na goma can tsakiyar gona. Duk haka.

Bawa ya miƙe ya juya wajen gari yana ƙwala kira, yana kiran mutane da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Kalilu bai tashi ba. Ya tsaya a durƙushe yana mayar da ƙasa a kan ramin da suka buɗe, a hankali, don kada rana ta taɓa tsiron, yana kuka da baki a buɗe, dattijo ɗan shekara hamsin da biyar, bai damu da wanda zai gan shi ba.